Basamariyen Ya Ce Zai Komo

Karatu: Luka 10:25-37

 Mu masu bi a nan Achida ta ƙasar Wurno ba mu da yawa, amma muna da tsofaffi kamar kowa. Maƙwabtanmu ma suna da nasu, gama tsufa ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shiga gidansa. A wannan wata ina so mu yi tunani a kan tsofaffin da hankalinsu ya raunana har likita ya ɗora su bisa magani. A ƙasashen Turawa irin waɗannan su kan zauna a gidajen jinyar tsofaffi, ma'aikata suna dubansu. A wurinmu kuwa, in ban da gidajen gajiyayyu na manyan birane irin su Kano, gidan jinyar tsoho shi ne ɗakin nan da ke cikin gidan ɗansa. Ma'aikatan kuwa su ne matar ɗan da jikoki. Saboda haka maganar ta shafi kowane gida.

Abin da ya faru a gidan wani ɗan'uwa

Ɗan'uwan ya yarda in ba da labarin, amma ba zan faɗi sunansa ba. Manomin albasa ne. Mahaifiyarsa gwauruwa ce, ta haura shekara 70, tana cikin matan da ba su fashin sujada tun kafin a aiko ni nan. Sannu a hankali gigin tsufa ya kama ta. Ta kan manta da sunayen jikokinta. Da la'asar sakaliya sai ta ɗaure ƙunshin kayanta, ta ce za ta gida wurin babanta a wajen Rabah, alhali ya rasu tun da daɗewa. Da dare ta kan yi ihu, ta ce matar ɗanta ta sace mata zane.

Suka kai ta asibiti. Likita ya rubuta mata rabin ƙwaya kowane dare, ya ce a komo da ita bayan wata ɗaya. Ba a koma ba. Aikin fadama ya taso, kuɗin mota ya yi wuya, hanya kuma ba kullum a ke sakin jiki da ita ba. Da maganin ya ƙare sai aka kai kwalin wurin wani mai kemis, ya sayar musu da irinsa. Da rabin ƙwaya ya daina kwantar da ita sai aka mai da shi guda. Mai kemis ya ƙara musu da ƙwayar barci. In ɗan ya komo daga gona ya ji tana surutu sai ya ba ta, bai san matarsa ta riga ta ba ta ba. Haka aka yi har wata takwas.

Gida ya yi shiru. Kowa ya ce, "Inna ta sami sauƙi." Ni ma na je gaisuwa sau biyu, na tarar tana barci da rana tsaka. Na yi addu'a daga bakin ƙofa, na gode wa Allah, na tafi abina. Ban tambayi abin da ta ke sha ba.

Cikin watan Afrilu na 2023, lokacin da zafi ya kan haura awo 40 a ƙasar Sakkwato, ɗan ya buga mini ƙofa da asuba. Ya ce, "Fasto, zo ka ga Inna. Ta faɗi a hanyar makewayi, ta kasa tashi." Na same ta leɓunanta sun bushe, hannuwanta suna rawa, wuyanta ya sandare, miyau yana zuba. Na ce, "Inna, sannu. Kin gane ni?" Ba ta amsa ba.

A asibiti likita ya tambaye mu wane magani ta ke sha, guda nawa a rana, tun yaushe kuma. Mu huɗu ne a tsaye, muka yi ta duban juna, ba wanda ya iya amsawa. Aka gwada ta, aka tarar jikinta ya ƙafe don rashin ruwa, ga kuma ciwon mafitsara wanda ba wanda ya san da shi. Likita ya yi maganin wannan, ya kuma riƙa rage ƙwayoyin nan kaɗan kaɗan. Bayan mako uku ta tashi zaune da kanta, ta kira ɗanta da laƙabin da ta ke kiransa tun yana yaro. Mantuwar ba ta warke ba. Amma mun sake samun Inna, bayan mun yi wata takwas tana dusashewa a gabanmu muna cewa jinya mu ke yi.

Da na koma gida na buɗe Luka sura 10, sai na ga kaina a wurin da ban so ba. Firist ɗin nan da ya ga mutum kwance ya ratse ta gefe, ni ne.

Ku lissafta ayyukan Basamariyen

Mun saba da misalin nan tun muna makarantar Lahadi, mu kan kuwa tsaya a kan tausayin Basamariyen. Amma ku sake karantawa a hankali, ku ƙidaya abin da ya yi. Ya matso kusa ya dubi raunin. Ya yi aiki da maganin zamaninsa, watau mai da ruwan inabi. Ya ɗora mutumin bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye bai sulale ba. Ya nemi mutum guda, mai masaukin, ya danƙa majinyacin a hannunsa. Ya bar dinari biyu, ladan kwana biyu ke nan na ɗan ƙodago a wancan zamani. Daga ƙarshe ya yi alkawari zai komo, in an kashe fiye da haka ya biya.

Da a ce ya zuba mai ya ɗaure rauni ya bar mutumin a gefen hanyar Yariko, da rana da ƙishirwa sun ƙarasa abin da mafasa suka fara. Maganin yana da kyau, amma shirin da ya bi bayan maganin shi ya ceci ran mutumin. Mu a gidan ɗan'uwan nan mun zuba mai, sai dai ba mu komo ba.

Magani baiwa ce daga wurin Allah

Kada wani ya ji labarin Inna ya ce ashe maganin asibiti mugun abu ne. Ko kaɗan. Sa'ad da Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Luka ma, wanda ya rubuta mana misalin Basamariye, likita ne.

A da, yawancin abin da mai taɓin hankali ya kan samu shi ne ɗaki mai kulle da mari. A 1952 waɗansu likitoci biyu a Faris ta ƙasar Faransa, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani sabon magani a kan majinyatansu, wanda da yawa cikinmu suka sani da sunan Largactil. Mutanen da aka fid da rai da su suka natsu, waɗansu har suka koma gida. A 1954 kuma, a nan Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani shiri a Aro kusa da Abekuta. Ya sa majinyata suka zauna a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani danginsa, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya gane jinya ta fi tafiya daidai in akwai ɗan'uwa a kusa mai lura.

A jiharmu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, kan hanyar Sakkwato zuwa Illela. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato shi ma yana da sashen wannan ciwo. Zuwa waɗannan wurare ba abin kunya ba ne ga mai bi.

Ruɗewa ba iri ɗaya ba ce

Mu kan tara kome mu ce "Baba ya ruɗe." Amma akwai bambanci, saninsa kuwa ya kan ceci rai.

Akwai wanda ya kamu da taɓin hankali tun yana da ƙarfinsa, ya tsufa yana shan magani. Mai yiwuwa ne wannan ya bukaci maganinsa har ƙarshen ransa, in an tsayar kuwa ciwon ya kan komo. Sai dai yawan da ya dace da shi yana ɗan shekara 40 ya kan yi masa nauyi in ya kai 70.

Akwai gigin tsufa, wanda ya kan zo sannu sannu cikin shekaru, kamar na Inna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum wajen miliyan 57 ne su ke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ƙwayoyin kwantar da hankali ba su warkar da shi. Likitoci su kan ba da su in mutum ya kai ga jin wa kansa ko wani ciwo, ko wahalarsa ta yi tsanani, su ba da kaɗan, na ɗan lokaci.

Akwai baƙin ciki mai zurfi, wanda ya kan kama tsoho bayan mutuwar abokin zama. Ya daina ci, ya daina magana, har a zaci mantuwa ce. Wannan yana da magani, da yawa kuwa su kan warke.

Akwai kuma ruɗewa ta farat ɗaya. Jiya Baba yana lafiya, yau bai san inda ya ke ba. Yawanci ciwo ne a jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko rashin ruwa, ko kuwa magani ne ya yi masa yawa. Wannan a kai shi asibiti ran nan, kada a danne shi da ƙwayar barci.

Sa'ad da magani ya zama mari

Hantar tsoho da ƙodarsa ba su da saurin aiki kamar na saurayi, don haka magani ya kan daɗe a jikinsa, na jiya ya tarar da na yau. Waɗansu ƙwayoyin su kan kawo jiri in mutum ya miƙe tsaye, ya faɗi ya karya ƙugu. Waɗansu su kan sa rawar hannu da sandarewar jiki. Waɗansu su kan busar da baki, su riƙe fitsari da bayan gida. Waɗansu kuma su kan hana jiki kare kansa daga zafi, wannan kuwa babban hatsari ne a bazarar ƙasarmu.

Turawa sun koyi wannan darasi da tsada a gidajensu na jinyar tsofaffi, inda aka daɗe ana ba tsofaffi ƙwayoyi don su yi shiru. A 1987 Amurka ta yi doka a kan gidajen nan. Bisa ga dokar da ƙa'idodinta, sai an rubuta wa kowane mazaunin gida shirin jinyarsa, a kuma sake duba halinsa bayan kowane wata uku. An hana a ba mutum magani domin horo, ko domin ma'aikata su huta. A 2005 hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi mai ƙarfi, gama a gwaje-gwajen da aka yi na wajen mako 10, cikin kowane tsofaffi 1,000 masu gigin tsufa da suka sha sababbin magungunan taɓin hankali, wajen 45 sun mutu, cikin waɗanda ba su sha ba kuwa wajen 26. A 2008 aka ce gargaɗin ya haɗa har da tsofaffin magunguna irin su Largactil da haloperidol. A Ingila kuma, a 2009, Farfesa Sube Banerjee ya kai wa gwamnati rahoto cewa mutum wajen 180,000 masu gigin tsufa a ke ba irin magungunan nan, waɗanda su ke amfana ba su wuce 36,000 ba, ana kuwa samun ƙarin mutuwa wajen 1,800 a shekara ta dalilinsu.

To, in haka ta faru inda a ke da likitoci da littattafan ajiya, ina ga gidan da a ke sayen ƙwaya da tsohon kwali?

Ku tuna da mutumin nan na Markus sura 5, wanda mutanen garinsa suka sha ɗaurewa da sarƙa da mari. Sa'ad da Ubangiji Yesu ya gama da shi, mutane suka same shi a zaune, da tufafinsa, cikin hankalinsa, har yana roƙo ya bi Yesu. Ma'aunin sauƙi ke nan. In tsohuwarka ta yi shiru amma ba ta iya zama, ba ta iya riƙe ƙoƙo, ba ta gane ka, to, ka cire marin ƙarfe ne ka sa mata na ƙwaya.

Shirin Basamariye a gidajenmu

Ga abin da muka shirya a gidan ɗan'uwan nan bayan mun komo daga asibiti. Ina roƙonku ku gwada shi a gidajenku.

Na fari, a matso a duba. Kafin a ce a ƙara magani, a nemi abin da ke tayar da tsoho. Ko haƙori ke ciwo? Ko ya kwana uku bai yi bayan gida ba? Ko duhu ke ba shi tsoro? Mun lura Inna ta fi tashi in rana ta kusa faɗuwa. Yanzu in ta ɗauki ƙunshinta ba a yi mata gardama. Jikanyarta ta kan ce, "Kaka, mu je in raka ki." Su taka zuwa bakin hanya, su komo, a kunna fitila, a ba ta shinkafa a faifai ta tsince. Sau da yawa wannan ya kan isa. In tsoho yana da sauran hankalin magana kuwa, a tambaye shi yadda maganin ya ke yi masa da abin da ya ke so, gama jikinsa ne.

Na biyu, a danƙa wa mutum guda. Basamariyen bai ce wa dukan mutanen masauki su lura ba, ya zaɓi mai masaukin. Hausawa sun ce tukunyar yawa ba ta nuna. A sa mutum ɗaya ya zama mai ba da magani, a sa masa mataimaki ɗaya don ranar da ba ya nan. Ban da su kada kowa ya taɓa. A ajiye maganin inda yara ba su kaiwa, inda kuma rana ba ta bugunsa.

Na uku, a rubuta. A sayi littafi irin na 'yan makaranta. A shafi na fari a sa sunan kowane magani yadda likita ya rubuta, da dalilin shansa, da yawansa, da lokacinsa, da ranar da aka fara, da ranar komawa asibiti. Kowace rana mai ba da magani ya yi alama in ya bayar. A rubuta a taƙaice ko ta ci, ko ta sha ruwa, yadda ta yi barci, ko ta faɗi. In ba mai karatu a gidan, a zana rana don safe, a zana wata don dare, ɗan makaranta ya cika sauran. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, saboda haka kada a jira ya roƙa, a miƙa masa ruwa a kai a kai, balle da bazara. Kada mu ce rubutu al'adar asibiti ce kaɗai. Ekklisiyar farko ma tana da jerin sunayen gwauraye mata da suka kai shekara 60, domin kada a manta da ko ɗaya (1 Timoti 5).

Na huɗu, a bar dinari biyu. Abin da ya hana komawa da Inna asibiti, kuɗin mota ne. Abin da ya sa matar ɗan ta ƙara ƙwaya kuwa, ta yi watanni ba ta sami barcin kirki ba, ga girki, ga yara. Ban ga laifinta ba, na ga namu. Sa'ad da aka yi sakaci da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci a Urushalima, manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai, aka san sunayensu, aka ba su aikin (Ayyukan Manzanni 6). Bari dattawan ekklisiya su keɓe wani abu daga cikin baiko domin mota da magani. Bari zumuntar mata su raba kwanaki, wata ta zauna da tsohuwa yini ɗaya a mako, mai jinya ta sami hutu.

Na biyar, a komo. Wannan shi ne kan maganar. Ranar da likita ya sa, a je, ko da a ce tsoho ya ji sauƙi. A tafi da littafin, da katin asibiti, da dukan abin da ya ke sha cikin jaka ɗaya, har da na hawan jini da na gargajiya. Kada a ji nauyin likita. A tambaye shi, "Har yaushe za ta sha? Ana iya ragewa? Me za mu gani mu komo da sauri?" In jiki ya sandare ga zazzaɓi mai zafi, ko ta kasa haɗiya, ko fitsari ya tsaya, ko an tashe ta ta kasa farkawa sosai, ko ta faɗi, kada a jira ranar. Kada kuma a ƙara ko a tsayar da magani sai da sanin likita, gama waɗansu ƙwayoyin in an yanke su gaba ɗaya su kan kawo jijjiga ko su ta da ciwon.

Akwai abu ɗaya kuma da zamaninmu ya ƙara mana. Mun san yadda 'yan bindiga suka kori mutane daga ƙauyukan Rabah da Goronyo, yadda a 2018 jama'a suka taru a Gandi suna gudun hijira. Mai gudu da dare ba ya tsayawa neman kati. Don haka littafin da katin da maganin su zauna cikin jaka ɗaya, a rataye inda hannu zai kai. Ko an sauka a wani gari, kowane ma'aikacin asibiti ya buɗe littafin zai san inda aka tsaya.

Gargaɗi ga masu wa'azi

Ina da magana da 'yan'uwana masu aikin bishara. Na sha jin an yi wa mai ciwo addu'a, aka ce masa ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Bayan 'yan makonni ciwon ya komo, mai addu'ar kuwa ya riga ya wuce wani gari. Wa ya kwana da majinyacin? Iyalinsa. Mu yi addu'a da dukan zuciya, gama Allah yana warkarwa. In ya warkar, likita zai gani ya rage maganin da hannunsa, shaidar kuwa za ta fi ƙarfi. Ubangiji da kansa ya aiki kutaren da ya tsarkake su je firistoci su duba su. Kada kuma mu ɗora wa tsoho mai shan irin maganin nan azumin ƙin shan ruwa.

Tsohuwa mai gigin tsufa ta kan faɗi abin da ba ta sani ba, har ta amsa laifin da ba ta yi ba. Kada a ji bakin mai bi yana ce da ita mayya. Kada kuma a ga mari ko igiya a ƙafar tsoho a gidan Kirista. A watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tsare mutunci da hakkin masu wannan ciwo. In gwamnati ta kai nan, bai kamata a bar ekklisiya a baya ba.

Mu ne masu masauki

Ya ɗan'uwa mai karatu, dukanmu mun taɓa kwanciya a gefen hanyar nan, zunubi ya yi mana rauni. Yesu ya matso, ya ɗauke mu, ya biya da jininsa, ya kuma yi alkawari zai komo. Kafin ya komo ya bar raunanan mutanensa a hannunmu. Ko a kan gicciye bai manta da mahaifiyarsa ba, sai da ya danƙa ta ga almajiri guda, shi kuwa ya kai ta gidansa (Yohanna 19). Ran da zai komo zai tambayi mai masauki labarin wanda ya bari.

A Lahadin da ta wuce an kawo Inna sujada, tana dogara sanda. Ba ta san sunana ba. Amma da aka ta da waƙa ta bi ta daga fari har ƙarshe, ba ta yar da kalma ko ɗaya ba. Littafinta yana cikin jaka a ɗakin matar ɗanta, ranar komawa asibiti kuwa tana rubuce cikin littafin dattawan ekklisiya.

A cikin makon nan ka tashi ka je gidan da ka san akwai irin wannan tsoho, ko mai bi ne ko maƙwabci. Kada ka tsaya a bakin ƙofa yadda na yi. Ka shiga, ka zauna, ka tambayi abin da ya ke sha, da wanda ya ke ba shi, da ranar komawa wurin likita. In ba wanda ya sani, ka sayi littafi ku fara ran nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da ka riƙe iyayenmu tun suna ciki har furfurarsu, ka gafarta mana sakacinmu. Ka ba likitoci hikima, ka ba masu jinya haƙuri da hutawa. Ka sa mu zama amintattun masu masauki har ranar komowar Ɗanka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.